Na Hana Maigidana Nama Da Wake, Amma Ƙafar Ba Ta Daina Kumbura Ba

Tambaya:

Assalamu alaikum Likita. Maigidana ɗan kasuwa ne, shekararsa 54, yana da jiki, kuma ya kai shekara shida yana shan maganin hawan jini, wata ƙwaya mai sa shi yawan fitsari da ƙaramin asfirin. Bara, kwana biyu bayan Babbar Sallah, ya kwanta lafiya lau, cikin dare ya tashe ni yana salati. Babban yatsansa na ƙafar dama ya yi suntum yana sheƙi, ko mayafi bai yarda ya taɓa wurin ba. Bayan kamar kwana goma ya warke sarai. Daga nan zuwa yau abin ya dawo masa sau uku, na ƙarshe a gwiwa. An yi gwajin jini aka ce gawut ne, wai yurik asid ɗinsa ya hau, takardar ta nuna 550. Tun daga ranar na hana shi nama da kifi da ƙwai da wake da gyaɗa, har tumatir na rage, sai tuwo da miya lami. Ya rame, kullum cikin faɗa muke, abin da kawai yake ɗan jin daɗinsa lemon kwalba da malt. Wani mai kemis ya ba shi alofurinol mai lamba 300, kwana huɗu da farawa gwiwar ta kumbura fiye da da, ya watsar da shi. Yanzu haɗi yake saya in ciwon ya motsa. Ga wani ƙulli ya fito masa a gwiwar hannu. Hajiyarsa ta ce ba ciwon asibiti ba ne, wani abu ya taka, a kira wanzami ya yi masa sakiya, kuma a fakaice tana nuna girkina ne ya ja. Don Allah me zan ƙara hana shi, kuma ana warkewa?

Daga wata uwargida a Funtuwa

Amsa:

Wa'alaikumussalam uwargida. Allah Ya ba maigida lafiya, ke kuma Ya ba ki ladan jinya. Ki mayar masa da wakensa da ƙwansa da gyaɗarsa da tumatirinsa tun daga girkin daren yau. Babu abin da za ki ƙara hana shi wanda zai raba shi da wannan ciwo, kuma ba tukunyarki ce ta kawo shi ba. Abin da zai raba shi da shi, da yardar Allah, maganin nan ne da ya watsar, in aka dawo da shi yadda ya kamata a hannun likita. Na san da wuya ya yarda, tunda shi ya kwana da gwiwar, don haka bari in bi miki abin daki-daki yadda za ki iya karanta masa.

Jikin kowa yana yin yurik asid. Kullum wasu ƙwayoyin halittar jiki suna mutuwa, wasu suna maye gurbinsu, kuma in jiki ya narkar da wani sinadari da ke cikinsu mai suna fiyurin, abin da ke saura shi ne yurik asid. Mafi yawansa daga jikin kansa yake fitowa, na abinci ƙari ne a kai. Ƙoda ke fitar da kusan kashi biyu cikin uku ta fitsari, hanji ya fitar da ragowar. Tumaki da awaki da shanu suna da wani sinadari a hantarsu da ke narkar da shi gaba ɗaya, ɗan Adam kuwa ba shi da wannan, shi ya sa namu kullum yake dab da iyaka. A cikin masu gawut goma, kusan tara matsalarsu ɗaya ce, ƙodarsu tana riƙe yurik asid maimakon ta sake shi, kuma yawanci gado ne. Ki tambayi Hajiya da dabara ko mahaifinsa ko wani kawunsa ya yi fama da sanyin ƙafa mai zuwa ya tafi. Wannan ne ya sa za ki ga mai tsiren da ke kwana cikin nama bai san ciwon ba, ga wani bawan Allah da sai Juma'a-Juma'a yake ganin tsoka yana rarrafe da shi.

Jini yana da iyakar abin da zai iya narkarwa. Ki dubi mai shayi in ya zabga sukari ya wuce ƙima, da shayin ya huce sai ki tarar da sukarin kwance a ƙasan kofi. Haka yurik asid yake. Da ya haura wajen 6.8 a ma'aunin da zan yi miki bayani, sai ya fara daskarewa ya zama 'yan tsiraran ƙwayoyi masu siffar allura, suna kwanciya a cikin gaɓɓai. Ya fi saurin daskarewa inda jiki ya fi sanyi, shi ya sa babban yatsan ƙafa ne ya fi shan wahala, har kusan rabin masu ciwon a nan yake fara kama su, kuma shi ya sa ya fi tashi cikin dare. Ƙwayoyin nan sukan yi shekaru suna taruwa mutum bai sani ba. Ran da wani abu ya motsa su, ko cin nama na kwana biyu a jere, ko ƙishirwa, ko tuntuɓe, ko zazzaɓi, sai fararen ƙwayoyin jini su far musu a zaton cuta ce ta shigo, wurin ya kumbura ya ɗau zafi. Wani likitan Ingila, Thomas Sydenham, wanda shi kansa ya sha fama da ciwon, ya siffanta shi tun 1683: mutum ya kwanta lafiya, wajen ƙarfe biyu na dare zugin yatsa ya tashe shi, ya kasa jure nauyin mayafi, ya kasa jure ko takun mai tafiya a ɗakin. Kin ga abin da kika gani a ɗakinki tsohon ciwo ne sananne, kuma tun 1848 Alfred Garrod ya nuna yurik asid ne ya yi yawa a jinin masu shi.

Inda mutane suke ruɗuwa shi ne, zugin yana lafawa da kansa cikin mako ɗaya zuwa biyu, ko an sha magani ko ba a sha ba. Amma allurorin suna nan daram a cikin gaɓar, suna ƙaruwa. Shi ya sa na maigida ya tashi daga yatsa ya koma gwiwa, kuma tazarar da ke tsakanin wani tashin da wani take raguwa.

Yanzu ki ɗauko takardar gwajin. A gefen 550 ɗin za ki ga an rubuta µmol/L. Wasu ɗakunan gwaji suna rubuta mmol/L, sai lambar ta fito 0.55, wasu kuma mg/dL, wato ma'aunin 6.8 ɗin da na ambata. In kina son mayar da 550 zuwa mg/dL, ki raba da 60, za ki samu tara da 'yan kai. Inda ake so mai gawut ya zauna shi ne ƙasa da 360, wato ƙasa da 6. Mai ƙulli irin na gwiwar hannunsa ma an fi so ya sauka ƙasa da 300, wato 5, don ƙullin ya yi saurin narkewa. To ga lissafin da nake so ki riƙe. Mutum ya takura kansa iyakar takurawa wajen abinci, abin da yakan ragu bai cika wuce 60 ba. Ki cire 60 daga 550, saura 490. Har yanzu yana can sama da inda ƙwayoyin suke daskarewa. Watanni kenan kuna faɗa a kan kwanon tuwo saboda abin da kwanon ba zai iya ba.

A nan zan ɗan ratse saboda sauran masu karatu. An shigo wani yayi, duk mai ciwon baya ko ciwon wuya ko kasala sai a auna shi a ce yurik asid ne, a ɗora shi a kan magani, a hana shi abinci. Yawancin waɗanda lambarsu ta ɗan hau ba za su taɓa yin gawut ba, kuma in babu kumburin gaɓa, babu ƙulli, babu tsakuwar ƙoda, ba a cika ba da magani don lamba kawai ba. Haka kuma ana iya auna mai gawut na gaske yana tsakiyar ciwo a ga lambar ta sauka, a ce masa ba shi ba ne. Sai a sake gwajin bayan mako biyu zuwa huɗu da lafawar kumburin.

Mu koma ga alofurinol, wanda aka fi sani da Zyloric. Ba maganin zugi ba ne, ko kaɗan ba ya kashe ciwo. Aikinsa rage yawan yurik asid da jiki ke yi, don jini ya samu sarari ya koma ya narkar da abin da ya daskare. Matsalar ita ce, in lambar ta faɗo da sauri, tarin da ya daɗe kwance a gaɓa sai ya fara ɓantarewa, fararen ƙwayoyin jini su sake taso masa. Kumburin da ya biyo bayan kwana huɗun nan alama ce ta maganin ya kama aiki. Kuskuren mai kemis biyu ne: ya fara masa da miligiram 300 kai tsaye, kuma bai haɗa masa da abin kariya ba. Yadda ake yi shi ne a fara da 100 a rana, in ƙoda ta yi rauni ma da 50, a riƙa auna jini duk bayan mako biyu zuwa huɗu ana ƙarawa kaɗan-kaɗan, har lambar ta sauka ƙasa da 360. A tare da shi ana ba da ƙaramin kolcisin, rabin miligiram sau ɗaya ko biyu a rana, na wata uku zuwa shida, don ya tare irin kumburin da ya same shi. In duk da haka ciwon ya motsa, ba a ajiye alofurinol, ana ci gaba da shi ne a yi maganin kumburin a gefe. Sha-ka-daina yana tayar da ciwon.

Kada kuma ku ɗauka 300 ce ƙarshen hawa. Mutane da yawa ba sa kaiwa ga lambar da ake nema sai an haura musu zuwa 400 ko 500 ko fiye, kuma likita yana da damar hawa har 800 in da buƙata. Takardar gwaji ce ke faɗin adadin da ya ishe shi. Wanda ya shekara yana haɗiyar ƙwayar ba a taɓa sake auna shi ba, bai san ko tana yi masa aiki ba. A garin Nottingham na Ingila an gwada wannan a kan mutum sama da 500, aka fitar da sakamakon a 2018. Kashi ɗaya aka haɗa su da ma'aikatan jinya da suka zauna suka yi musu bayanin ciwon, suna auna su suna ƙara magani har a kai ga lambar. Bayan shekara biyu, 95 cikin 100 nasu sun sauka ƙasa da 360, a ɗaya kashin da aka bari da kulawar da aka saba kuwa 30 ne kacal. Magani iri ɗaya ne a hannun kowa, bayani da bibiya suka raba su.

Kin tambaya ko ana warkewa. In lambar ta zauna ƙasa, tarin yana narkewa, kumburin yana yin nisa har ya daina zuwa, ƙullin ma yana motsewa. Sai dai a yi haƙuri da watanni shida zuwa shekara na farko, don ciwon yakan ɗan leƙo a cikinsu, ƙulli kuma yakan ɗauki shekara ɗaya ko biyu ko fiye. Ƙodar da ke riƙe yurik asid ba ta canza hali, don haka maganin na kullum ne kamar na hawan jininsa. In ya ji sauƙi ya ajiye, lambar za ta koma inda take cikin 'yan makonni, tarin ya fara sabon zubi.

Akwai gargaɗi ɗaya da ba na so ki manta. Wasu 'yan tsiraru jikinsu yana ƙin alofurinol mummunan ƙi, yawanci a watanni biyu zuwa uku na farko. In kika ga ƙuraje sun feso masa, ko zazzaɓi, ko bakinsa ya yi gyambo, ko idonsa ya yi ja, ya tsayar da maganin nan take ku tafi asibiti a ranar, kada a jira gobe. Abin ya fi samun masu wani nau'in ƙwayar gado da ta fi yawa a tsakanin 'yan Sin da Koriya da Tailan da baƙaƙen fatar Amurka, kuma farawa da babban adadi ko raunin ƙoda suna ƙara haɗarin. Ga wani dalilin kenan da ya sa ba maganin saye a kemis kai tsaye ba ne. Wanda alofurinol bai karɓe shi ba akwai febuzostat, amma ana taka-tsantsan da shi ga mai ciwon zuciya.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a wasiƙarki shi ne ƙwayar nan mai sa fitsari. Magungunan hawan jini irin su Moduretic da Lasix da danginsu suna fitar da ruwa da gishiri, amma suna sa ƙoda ta ƙara riƙe yurik asid. Ƙaramin asfirin ma yana ɗan yin haka. Akwai magungunan hawan jini da ba su da wannan hali, amlodifin misali, losatan ma har taimakawa yake wajen fitar da yurik asid ta fitsari. Kada maigida ya daina ko ɗaya da kansa, don shanyewar ɓarin jiki ta fi kumburin yatsa muni nesa ba kusa ba. Ya gaya wa likitan da ke duba hawan jininsa cewa an same shi da gawut, ya tambaya ko za a iya canza masa. Asfirin kuwa, in saboda bugun zuciya ko shanyewar jiki da ya taɓa samu aka ba shi, zai ci gaba da sha. In haka kawai aka ɗora shi, likita ya duba ko har yanzu akwai buƙata.

Sai haɗin kemis. Ki kwance ƙullin ledar nan ki zube a faranti ki gani. Yawanci za ki samu ƙwaya huɗu ko biyar babu suna babu kwali: wata 'yar ƙarama fara, wata mai ruwan ƙasa, wani kafso mai launi biyu. Abin da aka saba cusawa shi ne maganin zugi iri biyu ko uku masu aiki ɗaya, su dikilofenak da ibufurofen da firoksikam, a ƙara da dekzametason. Gaskiya suna kashe zugin, shi ya sa ake komawa. Amma suna ƙona ciki har ya yi gyambo ya zubar da jini, balle ga mai shan asfirin, suna hau da hawan jini, suna tayar da sukari, kuma suna cin ƙoda a hankali ba tare da mutum ya ji komai ba. Namiji mai shekara 54, mai jiki, mai hawan jini, mai gawut, ƙodarsa ce abin da ya fi kamata a yi wa tattali. In ta raunana yurik asid ya ƙara hawa, ciwon ya ƙara tashi, a ƙara shan haɗi, ƙodar ta ƙara raunana. Mutane da yawa wannan zagayen ya kai su ga wankin ƙoda. Kafin a rubuta masa komai, a yi masa gwajin aikin ƙoda, wanda za ki ga an rubuta kiriyatinin, da na fitsari, da na sukari, da na kitsen jini.

Ran da ciwon ya motsa, ya kwanta ya ɗora ƙafar a kan filo. Ki naɗe ƙanƙara a tawul, ko ledar ruwa da ta daskare a firji, ki ɗora na kamar minti ashirin, ki ɗauke, an jima ki mayar. Ban da gashi da ruwan zafi, ban da murza man zafi, ban da kai shi wurin maɗori a ja yatsan, ba targaɗe ba ne. Maganin kumburin kuwa likita zai zaɓa masa ɗaya cikin uku gwargwadon ƙodarsa da cikinsa da sukarinsa: kolcisin, ko maganin zugi guda ɗaya tak na 'yan kwanaki, ko firednisolon na kamar kwana biyar. Ya kamata ya kasance a ajiye a gida, don wanda aka sha a awannin farko ya fi wanda aka sha bayan kwana biyu aiki. Kolcisin ba ya son ganganci. A da ana cewa a yi ta sha har sai gudawa ta ɓarke, yanzu an bar wannan, don kaɗan ɗin yana yin aikin da mai yawan yake yi, mai yawan kuma guba ne. Ki ajiye shi inda hannun yara ba ya kaiwa, kuma duk wanda zai rubuta masa wani magani, musamman maganin kashe ƙwayoyin cuta mai suna kilaritiromaisin, a gaya masa yana shan kolcisin.

In kumburi ya zo da zazzaɓi mai zafi da rawar ɗari, ko ya galabaita, kada ku ce ai gawut ɗin ne. Mugunya a cikin gaɓa tana zuwa da kama iri ɗaya, kuma tana iya lalata gwiwa cikin kwanaki. Asibiti a daren. In likita ya ce zai sa allura ya ɗebi ruwan gwiwar, ku bari. Mutanenmu suna tsoron wannan, wai in an zuƙe ruwan gwiwa ba ta komawa daidai. Ba haka ba ne. Ruwan ciwo ake ɗiba, kuma a cikinsa ake ganin allurorin a madubin likita, a tabbatar da ciwon, a kuma gane ko akwai ƙwayar cuta.

Maganar Hajiya. Ban ga laifinta sosai ba, don ciwon da ke faɗo wa mutum tsakar dare babu faɗuwa babu rauni, ya tafi da kansa, ya dawo ta wata gaɓar, dole mai shekaru ta kawo wani abu a ranta. Kuma tunda yana lafawa da kansa, duk abin da aka shafa ko aka sha a kwana na bakwai shi ke kwashe yabon. Addu'a da tofi babu mai hana su, a yi ta yi. Sakiya ce ba za a yi ba. Ƙullin nan yurik asid ne ya dunƙule a ƙarƙashin fata, irinsa yana fitowa a gefen kunne da yatsun hannu da agara. In aka huda shi, wani farin abu mai kauri zai fito, masu kallo su ce ga abin da aka jefe shi da shi ya fita. Bayan nan sai ramin ya ƙi rufewa, ya yi ta tsiyaya makonni, ƙwayar cuta ta samu ƙofar shiga har ƙashi, in kuma akwai ciwon sukari a ɓoye abin ya zama gyambo. Sai dai ba daga bakinki wannan magana za ta fito ba, kin san tsakanin suruka da matar ɗa. Ɗanta ne zai gaya mata, ko ku nemi wani ƙaninsa ko babbar yayarsa da take jin maganarsu. In za ta yarda ta raka shi asibiti ta ji daga bakin likita cewa ciwon daga ƙoda ne kuma yana bin jini, maganar girkinki ta mutu a nan.

Abinci yana da nasa gurbin, ƙarami ne amma na gaske. A Amurka an bi maza sama da 47,000 har shekara 12, aka fitar da sakamakon a 2004. Masu yawan cin jan nama da kayan ruwa sun fi kamuwa, masu shan madara da nono marasa kitse sun fi tsira, su wake da ganyaye kuwa ba a ga sun ƙara haɗarin ba. Don haka wake da shinkafa, ƙosai, alale, awara, zogale, ƙwai, kindirmo, fura da nono ba tulin sukari, duk ya ci. Abin da za ki nisanta masa shi ne kayan ciki, hanta da ƙoda da saifa da zuciya da ƙwaƙwalwa, da romon da aka daɗe ana dafa nama a ciki, don fiyurin yana fita ya zauna a romon, sai kifin gwangwani da jatan lande. Tsokar nama ko kaza ko kifi, yanka biyu a miya, ba kullum ba, babu laifi.

Abin da kika bar masa kuwa, shi ya fi waken da kika hana shi illa. Sukarin lemon kwalba yana ɗauke da furuktos, wanda hanta ke sarrafawa ta ƙara yin yurik asid. A cikin mazan nan dai, an samu masu shan kwalba biyu ko fiye a rana haɗarinsu ya ƙaru da kashi 85 cikin 100 a kan waɗanda ba sa shan ko ɗaya a wata. Malt ma sukari ne fal, haka lemon kwali, haka zoɓo da kunun aya in an cika musu sukari, zuma ma ba a sha da cokali-cokali da sunan magani. Ga masu karatu da ke shan giya ko burkutu, su ne kan gaba wajen tayar da ciwon. Ruwa kuwa ya sha sosai, wajen lita biyu zuwa uku a yini, musamman lokacin bazara a rumfar kasuwa, sai fa in likita ya taƙaita masa saboda zuciya ko ƙoda. Rage ƙiba yana taimakawa matuƙa, amma a hankali. Ramar yunwa irin wadda yake yi yanzu tana ƙara hau da yurik asid ne.

Azumi ba ya hana shan alofurinol, tunda sau ɗaya ne a rana, ya sha bayan buɗa baki ko da sahur, ya yawaita ruwa tsakanin magariba da asuba, kada ya buɗe baki da lemo mai sanyi. Babbar Sallah kuma ba sai ya zauna yana kallon mutane ba. Ki ɗibar masa tsoka kaɗan, hanta da farfesun kayan ciki su tafi gidan maƙwabta, soyayyen da ake ajiyewa a kwalla kuma kada ya zama abin ciye-ciyensa na mako biyu. In yatsan ya hana shi sujada ko zaman tahiya, ya yi sallarsa a zaune, hadisin Imrana ɗan Husaini da ke cikin Buhari ya ba mara lafiya wannan sauƙin.

Mata ma suna yin gawut, amma yawanci bayan sun daina al'ada. Wanda ya same shi yana saurayi, ko macen da ba ta kai wannan shekarun ba, sai an binciki dalili: ciwon ƙoda, ko sikila, ko maganin tarin fuka mai suna firazinamid, ko gubar dalma ga masu aikin batir da masu niƙan dutsen zinariya.

Ku fara da likitan da ke duba hawan jininsa a babban asibiti. Tunda ciwon ya tashi sau huɗu kuma ga ƙulli, babu jayayya ya cancanci maganin rage yurik asid. In gwaji ya nuna ƙodar ta taɓu, ko lambar ta ƙi sauka, ku nemi a tura ku wurin likitan gaɓɓai a asibitin koyarwa, Shika ba ta da nisa da ku. Ranar zuwa ki zuba duk abin da yake sha a leda ɗaya, na hawan jini da kwalayensu, ragowar alofurinol, ƙullin haɗin kemis, har gorar jiƙon da Hajiya ta aiko in akwai. Ki samu ɗan littafi ki riƙa rubuta kwanan wata da lambar kowane gwaji da adadin maganin da yake sha a lokacin, ku riƙa tafiya da shi duk ranar ganin likita.